Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jawabi Kan Gyaran Kayan Ɗaki

Yau maganarmu a kan tsofaffin kayan ɗaki ce, watau gado, da kujera, da tebur, da fitila. Ku kasa kunne, don magana ce ta aljihunku.

Kowa ya san abin da ke faruwa idan aurar da 'ya ya zo. Uba ya sayar da hatsinsa, ko sansa, wani ma ya jinginar da gona, don sayen sabon gado da kabad. Alhali kuwa ga gadon ƙarfe na kakar yarinyar yana jingine a bayan rumbu, ruwa yana dukansa. Ran nan 'yan gwangwan su zo, su ɗora shi a sikeli, su biya kuɗin kilo. Wannan hasara biyu ce.

Ku sani kayan da aka yi a shekarun 1950 da 1960 ba irin na yanzu ba ne. Kafintocin lokacin da katako tsantsa suke aiki, kamar maɗaci da loko. Gadajen ƙarfe kuwa, da yawa na kamfanin Vono ne na Legas, wanda aka haɗe shi da Vitafoam a 2016. Irin waɗannan kaya suna nan a gidajenmu. Wasu ma'aikata ne suka taso da su daga Kano, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama babban birninta.

Yawancin sababbin kabad masu ƙyalli kuwa garin katako ne aka matse da gam, aka manna masa leda a sama. Idan ruwa ya taɓa shi, sai ya kumbura ya ruɓushe, ba ya gyaruwa. Waɗanda ambaliyar 2022 ta shiga ɗakunansu sun ga wannan da idonsu. Katako na gaske kuwa, in an shanya shi a inuwa ya bushe, sai ya ci gaba da aiki.

To, yaya za ka gane na kirki, a gida ko a kasuwa irin ta Shuwarin? Da fari ka ɗaga shi, katako mai kyau yana da nauyi. Sa'an nan ka ƙwanƙwasa. In ka ji holoƙo, gara ta cinye cikinsa. Ka kife shi ka duba ƙasa. In ka ga ƙananan huji suna zubar da gari, ƙwari suna ciki. Amma kujerar da ke girgiɗi kawai, ba ta mutu ba, gaɓoɓinta ne suka saki.

Gyaranta ba wuya. A zare ƙafar a hankali, a kankare tsohon gam sarai, a sa sabo, a mayar. A ɗaure da igiya tam, a bar ta kwana ɗaya kada kowa ya zauna. Kada a yi ta buga mata ƙusa, ƙusa tana tsaga busasshen katako. Bayan haka a goge da samfefa, ana bin yadda zaren katakon ya kwanta, a shafa masa mai irin na kafintoci. A daɓen ƙasa, a ɗora ƙafafun a kan dutse saboda gara da danshi.

Gadon ƙarfe maganinsa uku ne. A kwance shi a fitar da shi rana. A kwarara masa tafasasshen ruwa a kowane lungu don kuɗin cizo da ƙwayayensu. In ya bushe, a kankare tsatsa da buroshin ƙarfe, a yi masa fenti. Inda ya karye, aikin mai walda ne. Ina roƙonku kada ku fesa masa maganin ƙwarin gona. An yi shi don fili, ba don inda mutum zai kwana ba.

Ga wani gargaɗi babba. Tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ita kuwa guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yara. A Zamfara, a 2010, ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Saboda haka in za ku kankare tsohon fenti, ku yi a waje, nesa da madafa. Ku jiƙa wurin da ruwa don kada ƙura ta tashi. Ku rufe hanci, ku kori yara da mata masu ciki, ku wanke hannu kafin ku ci abinci.

Yanzu sai fitila. Fitilar ƙwai ba ta cika mutuwa ba, sai dai a yi sakaci da ita. In tana hayaƙi, lagwani ne ya yi tsawo, ko bakinsa ya karkace. A datse shi daidai da almakashi. A wanke ƙwan da sabulu, a share ƙananan hujin da iska ke shiga. A zuba kananzir kaɗan, a ajiye ta a kan takarda. In takardar ta jiƙe, tana yoyo, sai a kai wa mai liƙi. Kada a ƙara mata mai tana ci, kada kuma a sayi kananzir inda ba a amince ba. Wanda aka gauraya da fetur yana fashewa, ya ƙona gida da mutanensa.

Masu lantarki, in kun sami tsohuwar fitilar tebur ko ta rataye, jikinta kawai za ku amince da shi, ban da wayarta. Robar tsohuwar waya takan bushe ta tsage, daga nan gobara take tashi. Ku kai wa wanda ya koyi aikin wuta ya sake waya da mazaunin ƙwai. Ku sa mata ƙwan zamani maras zafi. Mai wat 9 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 60.

A nan karatunku zai yi muku rana. Kafin ku yanke shawara, ku ɗauki fensir ku ja layi a tsakiyar takarda. A dama ku rubuta kuɗin sabo. A hagu ku rubuta kuɗin gam, da fenti, da samfefa, da ladan kafinta. Ku haɗa, ku ɗebe, ku ga abin da ya saura. In kun ba kafinta aiki, ku rubuta abin da kuka biya da ranar karɓa, kowa ya sa hannu.

Wani zai ce, “Ai sai a yi mini dariya, a ce na kai 'yata da tsohon gado.” To, masu dariyar ba su za su biya maka bashi ba. Gadon da ya yi shekara sittin, in an gyara shi, ya fi wanda ba zai ga damina uku ba.

Aikinku na wannan mako: kowa ya rubuto sunayen tsofaffin kaya uku da ke gidansa, da abin da ya lalace a jikin kowanne. Allah ya ba mu sa'a, amin.