Abokan Ayuba Sun Fi Mu Da Kwana Bakwai

Waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba. Yau ni kaɗai ne, babu baƙo, domin maganar ta cikin gidanmu ce. Sai da na nemi izinin mai ita kafin na kunna na'ura. Ta ce in faɗa, amma kar in kama suna, kuma kar in mai da ita wata waliyyiya. Na ce na ji.

Ƙanwata tana da sikila, abin da wasu ke kira amosanin jini. SS ce. Baba AS, Mama AS, sun yi aure lokacin da babu mai tambayar gwajin jini kafin a ɗaura. Ga wanda bai sani ba, idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki da aka ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo SS. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ya samu ba, a'a, kowane ciki da nasa lissafin. Mu biyar ne a ɗakinmu, ita kaɗai ta zo da shi. Ni AA ne. Ban yi wani aikin kirki da ya sa na tsira ba, ita ma ba ta yi laifin komai ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda bai taɓa kwana da mai sikila ba ba zai gane ba. Jajayen ƙwayoyin jininsu ne ke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo ya sauka a ƙashi, a baya, a ƙirji. Sanyi na tayar da shi, ƙarancin ruwa a jiki na tayar da shi, zazzaɓin cizon sauro kuwa ba a magana. Shi ya sa a gidanmu idan hunturu ya shigo, wasu na murnar Kirsimeti ta kusa, mu muna haɗa jakar asibiti. Na taɓa ganin ƙanwata ta cije filo har ya yage, don kar kukanta ya tashi Mama da ta yi kwana biyu ba ta runtsa ba.

To, mu 'yan coci ne tun kakanni, kuma mutane na zuwa dubiya, ba zan ci amanarsu ba. Amma bari in gaya muku irin abin da ake zuwa da shi a baki. Wani ya ce wa Baba, "Dattijo, ku binciki gidanku, wannan abin ba banza ba." Wata ta ja Mama gefe ta tambaye ta ko tana fitar da zakka daidai. Wata gwaggonmu, da Littafi Mai Tsarki a hannunta fa, ta ce yarinyar 'yar wabi ce, ta zo ne ta wahalar da uwa ta koma. Kowa da bayaninsa, yarinya kuma na kwance tana jin su.

Ina da bakin zarginsu? Ba ni da shi. Nawa ya fi nasu muni.

Ina da shekara goma sha tara, ita sha huɗu, aka yi taron farkawa a unguwarmu. Wani baƙon mai wa'azi ya ɗora mata hannu, ya ce ta warke, ya ce wanda ya ci gaba da shan magani bayan an yi masa addu'a yana ƙaryata Allah ne. Ni a lokacin wuta nake ci, ina shugabancin matasa, azumi ba ya wuce ni. Da muka dawo gida ni da hannuna na kwashe magungunanta, na ƙarin jini da na rigakafin maleriya, na ɓoye a ƙasan akwatina. Iyayenmu ba su sani ba. Ranar Lahadi na tura ta gaba ta ba da shaida, aka yi ta tafi, aka buga ganga. Sati uku bayan nan maleriya ta kama ta, jininta ya yi ƙasa, sai da aka ƙara mata leda biyu. A daren da ta farfaɗo, ina zaune a bakin gadon, ta kalle ni ta ce, "Yaya, bangaskiyata ce ta gaza ko taka?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Da gaske take son sani. Har yau idan na tuna sai cikina ya juya.

Bayan wannan ne na koma na karanta littafin Ayuba, ba aya ɗaya-ɗaya da muke tsinta don wa'azi ba, daga farko har sura ta 42. Kun san labarin. Mutum ya rasa dukiya, ya rasa 'ya'ya goma a rana ɗaya, jikinsa ya cika da miki. Abokansa uku suka taso, Elifaz da Bildad da Zofar. Mun saba zaginsu a kan bagade, amma ku duba ƙarshen sura ta 2. Mutanen nan sun bar gidajensu, sun yi tafiya, da suka hango shi suka yi kuka, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai, dare da rana, babu wanda ya ce uffan. Kwana bakwai! Ni ku gaya mini, a cikinmu wa ya taɓa zama minti ashirin gaban mai ciwo bai fara wa'azi ba? A nan sun fi mu nesa ba kusa ba.

Sai da suka buɗe baki ne komai ya lalace. Kuma abin da suka faɗa ba zagi ba ne, tauhidi ne mai tsari: Allah mai adalci ne, ba ya hukunta marar laifi, kai kuma ga ka cikin azaba, saboda haka akwai abin da ka aikata, ka tuba. Da a cocinmu aka faɗa, da an ce amin. Ayuba ya ƙi. Ya yi ƙorafi, ya la'anci ranar da aka haife shi, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a. Amma a sura ta ƙarshe, wa Allah ya yi fushi da su? Abokan. Masu kare Allah ɗin ne aka ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba, har sai da Ayuba mai ƙorafi ya yi musu addu'a. Wani abin kuma da ya daɗe yana damuna, har littafin ya ƙare ba a gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Mu masu karatu mun ga abin da ya faru a sura ta 1, shi bai gani ba.

Na fahimci abin da ya sa muke saurin kawo bayani. Tsoro ne. Idan wahalar ƙanwata tana da dalilin da zan iya nunawa da yatsa, zunubi ko rashin zakka ko raunin bangaskiya, to ni da ba ni da wannan laifin na tsira ke nan. Bayanin da nake ba ta, kaina nake lallashi da shi.

Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan a Yohanna sura ta 9. Sun ga mutumin da aka haifa makaho, maimakon su tambayi sunansa sai suka mai da shi darasi, suna son sanin zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa. Yesu ya ce ba ɗaya daga ciki. A sura ta 11 kuma, a kabarin Li'azaru, ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci, amma sai da ya tsaya ya yi kuka tare da Maryamu da masu makoki. Bai ce musu su share hawaye don kuka rashin bangaskiya ne ba.

Kar wani ya yanki maganata ya ce na ce Allah ba ya warkarwa. Na gaskata yana yi, kuma har gobe ina roƙa wa ƙanwata. Amma Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Shi ne ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Timoti yana fama da ciwon ciki a kai a kai, Bulus shawarar abin da zai sha ya ba shi, bai ce masa ya tuba ba. Luka da ke yawo tare da su likita ne. To ni ɗan shekara sha tara, daga ina na samo iznin ɓoye magani?

Yanzu bari in zo kan mu, ikilisiya. Gaskiya mun iya babban bala'i. Ku tuna ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram suka kama Mubi, har hedikwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu, shugabannin suka koma Jos na wani lokaci. A Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar babban cocin Katolika na St. Theresa ga dubban 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi. Gidaje masu ɗaki biyu suka ɗauki mutum ashirin. Wannan abin a yaba ne. Amma wahalar da ba ta da ƙara, wadda ba ta shiga labarai, wadda za ta yi shekara ashirin tana dawowa duk hunturu, ita ce ke gajiyar da mu. Karo na farko a zo da ayaba da lemo. Karo na biyar a turo saƙon waya. Karo na goma sai ka ji ana cewa, "Wai har yanzu?" Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan yaran da ake haifa da sikila, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Ke nan babu wuya a cocinku akwai gida irin namu, sun dai daina faɗa ne don kar a gaji da su.

Mutum ɗaya ce ba ta gaji da mu ba. Wata tsohuwa ce a zumuntar mata, gwauruwa, ba ta yi boko ba, ko aya ba ta iya buɗewa sai an buɗe mata. Duk sanda aka kwantar da ƙanwata, da asuba za ka gan ta da fulas na kunu. Ba ta tambayar komai. Za ta ce wa Mama, "Tashi ki je ki yi wanka ki kwanta, ni ina nan." Ta zauna tana matsa wa yarinyar ƙafa da tsumma mai ɗumi, tana ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan. Addu'arta ba ta wuce jimla biyu. Wata rana ƙanwata cikin zafin ciwo ta ce, "Kaka, Allah ya manta da ni." Na buɗe baki zan gyara mata, tsohuwar ta harare ni, na haɗiye. Sai ta ce, "Gaya masa, jikata. Yana ji. Ni ma na gaya masa haka ranar da aka binne mijina." Shi ke nan. Ta ci gaba da matsa ƙafa.

Daga baya na gano akwai Zabura ɗaya, ta 88, wadda tun daga farko har ƙarshe kuka ce, kuma cikin duhu ta ƙare, babu wani juyi zuwa murna. An bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki, ba a goge ba. Tsohuwar nan ba ta san lambarta ba, amma ta san wurin.

Idan za ku je dubiya makon nan, roƙona kaɗan ne. Kar ka ce "in kuna buƙatar wani abu ku kira ni", ba za su kira ba, kunya ba za ta bar su ba. Ka zaɓi abu ɗaya ka yi: ka kai yara makaranta, ka karɓi kwanan asibiti na dare ɗaya, ka biya kuɗin gwaji ba tare da an sanar a gaban jama'a ba. Samari, ku da ke da lafiya, ku san rukunin jininku ku rubuta sunayenku, domin neman jini da ƙarfe biyun dare tashin hankali ne da ba na yi wa kowa fata. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, da aka yi ƙorafin ana mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su kira taron azumi ba, mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora musu aikin, har da Istifanas. Tsari aka yi. Kuma masu shirin aure, don Allah ku je gwaji tun soyayya ba ta yi nisa ba, a asibitin da aka amince da shi. Amma idan ma'aurata sun riga sun haifi SS, ba ranar da ɗansu ke kwance ba ce ranar yi musu wannan laccar.

Ƙanwata yanzu shekararta ashirin da bakwai. Ciwon ya ci mata ƙashin ƙugu, da sanda take tafiya. Tana koyar da yara a makarantar Lahadi, tana shan maganinta, wata rana tana yabo, wata rana ita da Allah ba sa ga maciji, kuma na daina shiga tsakaninsu. Na roƙi gafararta kan maganin nan sai bayan shekara shida, don kunya. Ta yi dariya ta ce ai ta ga inda na ɓoye tun ranar, ta ƙi ɗauka ne don kar in ce ba ta da bangaskiya. Wannan ya fi tambayarta ta farko yi mini ciwo.

Tambayar kuwa har yanzu ban amsa mata ba. Ta ce in bar ta haka.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, wata ma'aikaciyar jinya za ta zo mu yi magana kan ba da jini, wa zai iya bayarwa, wa bai kamata ba, da tsoron da ke hana matasa zuwa. Ku turo tambayoyinku kafin ranar Alhamis. Ni yanzu zan wuce in kai wa Kaka garin kunu, ita ce a kwance wannan karon.