Na'urar Lura da Yaran da Ba Su Iya Tafiya: Jawabi ga 'Yan Gulma Mazauna Birane

Mai girma Uban Ƙasa, iyayenmu dattawa, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, 'yan'uwana 'yan Gulma da kuka taso daga Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna da Abuja, barkanmu da sake haɗuwa lafiya.

Ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mun gode wa Allah. To, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan cikin gidajenmu, tare da yaran da aka haifa da raunin gaɓoɓi. Idan damina ta kankama, uwa ta tafi fadama, wa ke kula da yaron da bai iya tashi?

Masana sun ƙera ƙananan na'urori da ake ɗaura wa yaro a hannu ko a jikin kekensa. Wata tana jin motsi, irin wadda ke juya hoto a wayarku. In yaro ya faɗi, sai ta aika saƙo ga uwarsa. Wata ana shimfiɗa ta ƙarƙashin mazauni, ta sanar in ya daɗe a zaune wuri ɗaya, kafin fata ta yi gyambo. Wata kuwa tana nuna inda yake, kamar wayoyin da aka riƙa ba masu allurar rigakafi a Arewa don a ga unguwannin da suka shiga. Duk wanda ya ga ambaliyar Gulbin Rima a 2020 ya san amfanin haka.

Sai dai na'ura tana son caji da layin waya, kuma ba ta ɗaga yaro in ya faɗi. Sai an sami mai amsa kira kusa.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Mu ƙidaya yaran nan unguwa-unguwa. Mu fara saya musu keken guragu, mu kai su asibitin Argungu ko Birnin Kebbi likita ya duba su. Sannan mu gwada na'urar a gidaje kaɗan, da yardar iyaye, tare da faifan caji mai aiki da hasken rana.

Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya albarkaci zuri'armu.