Jinyar Mai Tarin Fuka Da Ƙanjamau Farali Ne A Kan Al'umma

Wannan taƙaitaccen jawabi ne da wani Malami mai koyar da aikin jinya ya gabatar wa 'yan'uwa matasa a unguwar Kwaciri da ke Fagge, Kano, akasarinsu ɗaliban makarantun jinya. 

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), Malam ya fara da cewa ɗalibi da yawa gabansa kan faɗi ranar da aka tura shi koyon aiki Asibitin Zana da ke titin Faransa, musamman ɗakin waɗanda tarin fuka da ƙanjamau suka haɗu a jikinsu. Ya ce maganin wannan tsoro shi ne ilmi.

Malam ya yi bayanin cewa ƙanjamau tana rusa garkuwar jiki, sai ƙwayar tarin fuka da ta daɗe a kwance ta samu damar tashi. Shi ya sa tarin fuka ya fi kowace cuta kashe masu ƙanjamau, kuma tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi a matsayin matsalar gaggawa ga duniya.

Ya ci gaba da cewa hanyoyin cututtukan biyu daban suke. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, don haka a buɗe tagogi, a sa takunkumi. Ita kuwa ƙanjamau ba a ɗaukarta ta musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya, sai ta jini, saduwa, ko daga uwa zuwa jariri. Saboda haka a sa safar hannu, kuma kada a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita. Wanda allurar ta soka ya sanar nan take, domin akwai maganin kariya na kwana 28, wanda dole a fara kafin awa 72 su wuce.

Malam ya ƙara da cewa tarin fuka yana warkewa, maganinsa na wata 6 ne, kyauta a asibitocin gwamnati. Wanda ya yanke shi a tsakiya, ƙwayar na iya zama mai bijire wa magani. Maganin ƙanjamau kuwa sha ne na tsawon rai.

Daga nan ya ja kunnen 'yan'uwa da kakkausar murya a kan munana zato. Ya ce akwai jariran da aka haifa da cutar, akwai matan da mazansu suka shafa musu. Sirrin majinyaci amana ne, wanda ya kai shi majalisar unguwa ya ci amana, kuma ya kori wasu daga zuwa gwaji.

Ya tunatar da cewa Rufaida 'yar ƙabilar Aslam ce ta yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu (RA) a hemarta bayan yaƙin Khandaƙ. Jinya faralin kifaya ce, in kowa ya gudu, kowa ya yi laifi.

A ƙarshe ya yi kira ga duk mai tarin da ya kai mako 2 da ya je a auna kakinsa da jininsa. Aka rufe da addu'a.