Dutsen da Ya Faɗo Daga Sama: Kada a Fasa, Kada a Yi Gaggawar Sayarwa

Jawabin editanmu ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, ma'aikatan Sharaɗa, Challawa da Bompai.



Yawancinku daga karkara kuka zo, in damina ta faɗi gona kuke komawa. Shi ya sa yau zan yi muku magana kan duwatsun da ke faɗowa daga sama.

Ran 3 ga Oktoba 1962, wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina, yana gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da shi. Daga baya masana suka gano daga duniyar Mas ya fito, don iskar da ta maƙale cikinsa irin wadda kumbon Amurka ya auna ce a can a 1976. Masu tara irin waɗannan duwatsu a Turai da Amurka da giram suke sayen ɓarɓashinsa, ba da kilo ba. Nan Kabo ma wani ya faɗo a 1971.

To, yaya ake gane shi? Yawanci ya fi dutsen gida nauyi. Bayansa na da siririn ɓawo baƙi, kamar an babbaka shi. Galibi maganaɗisu yana kama shi, amma irin na Mas da ƙyar yake kamawa. Ku da ke aikin masana'antu ku lura: kashin ƙarfen da ake zubarwa bayan narki yana kama da shi ƙwarai. Bambancin shi ne kashin ƙarfe duk huda-huda ne kamar soso, na sama kuwa ba haka yake ba.

Darajarsa tana ga irinsa, da nauyinsa, da lafiyar ɓawonsa, da shaidar inda ya faɗo. Saboda haka kada ku fasa shi, kada ku wanke shi. Ku rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka gani. Kun ga amfanin karatu ke nan: takardar nan ita ce shaidarku.

Kafin ku kula dillali, ku kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a gwada. Wanda bai san abin da ke hannunsa ba, mai saye ne zai yanka masa kuɗi.

Allah Ya sa mu dace.