Turuf: Kare da Tono, Attajiri da Ci

A cikin kayan abinci da ake sayarwa bisa ma'auni a kasuwannin Turai, da wuya a sami wanda ya kai turuf tsada. Wanda bai san shi ba, in ya gan shi yashe a hanya zai ɗauka curin ƙasa ne ko ƙonannen dankali. Baƙi ne, bayansa da kaushi, girmansa kuwa daga kamar goro zuwa dunƙulen hannu. Amma a Faransa, kilo guda na baƙin turuf yakan kai Yuro 1,000 dab da bikin Kirsimeti, farin na Italiya kuwa yakan ninka haka sau uku ko huɗu a shekarar da ya yi ƙaranci. Turuf shi ne sunan da Faransawa suka ba shi, Italiyawa kuma suna ce masa tartufo. Dangin naman kaza ne, watau irin su laimar kwaɗi, sai dai shi ba ya leƙowa waje. A cikin ƙasa yake tsira, a can yake nuna, a can kuma zai ruɓe in ba a tono shi ba.

Dalilin tsadarsa yana cikin yadda yake rayuwa. Turuf ba shi da ganye, ba ya iya haɗa abincin kansa, saboda haka sai ya ƙulla zumunci da saiwar waɗansu itatuwa, musamman itacen ok. Zarurrukansa, sirara kamar saƙar gizo, suna naɗe ƙananan saiwoyin itacen, su sha sukari daga gare shi, su kuma taimaka masa wajen jawo ruwa da gishirin ƙasa. Ba ya yarda da kowace ƙasa sai mai farar ƙasa, wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. To, da yake a binne yake, iska ba ta iya ɗaukar irinsa ta watsa. Sai in ya nuna ya fitar da wani ƙamshi mai ƙarfi, aladen daji da ɓeraye da kurege su ji, su tono su ci, su je su yar da irin a wani wuri cikin kashinsu. Ashe ƙamshin nan da attajirai ke zuba wa kuɗi, asalinsa kiran dabbobin daji ne.

Don haka mai neman turuf dole ya ari hancin dabba. A da, da alade ake nema, musamman ta mace, domin ita ba sai an koya mata ba. Illarta ita ce tana son abin kamar yadda mai ita ke so, neman turuf da ita kuwa bai wa kura ajiyar nama ne. Ga nauyi, ga ɓarnar saiwoyi da take yi da hanci. Italiya ta hana nema da alade tun shekarar 1985, a Faransa ma yanzu sai jefi-jefi ake ganinta. Kare ne ya gaje ta. Tun yana ɗan kwikwiyo ake ɓoye masa guntun turuf, in ya gano a ba shi lada, har ya saba. In ya ji ƙamshi sai ya tsaya ya fara tono da ƙafa, maigidan ya janye shi, ya durƙusa ya ƙarasa da ɗan ƙarfe a hankali, sa'an nan ya mai da ƙasa ya rufe ramin domin baɗi. Ladan karen ɗan guntun cuku ne ko biskit. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma tsofaffin da ba su bukatar dabba. Su sukan duba gindin itacen da ciyawa ta mutu kewaye da shi kamar an ƙona, su kaɗa sanda a hankali, su lura da inda wani ɗan ƙuda ja-ja zai tashi, domin ƙudan nan bisa turuf yake nasa ƙwai.

Shekaru aru-aru mutane ba su san yadda za su shuka shi ba, sai dai su tsinta a daji. Wajen shekarar 1808 ne wani manomi mai suna Joseph Talon, a lardin Vaucluse na kudancin Faransa, ya tsinci 'ya'yan itatuwan ok da ake samun turuf a gindinsu, ya shuka su a wata ƙasa mai tsakuwa da ba ta da amfanin noma. Bayan 'yan shekaru sai ga turuf a gindin sababbin itatuwan. A shekarar 1847 wani ɗan kasuwa na garin Carpentras, Auguste Rousseau, ya dasa hekta 7 ta wannan hanya, har ya sami lambar yabo a babban baje kolin birnin Paris na 1855. Sa'an nan sai wata masifa ta taimaka wa sana'ar. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro da ya zo daga Amurka ya shiga cinye saiwar inabi, ya kashe gonaki ba iyaka a kudancin ƙasar. Manoman da suka rasa inabinsu suka koma dasa itacen ok. Kafin 1890 an dasa kimanin hekta 75,000, a ƙarshen ƙarnin kuwa Faransa na tono fiye da tan 1,000 a shekara. A zamanin nan turuf ya yi araha har talakawan karkara suna sa shi a tukunya.

Yaƙin Duniya na Farko ya karya wannan arziki. Tsakanin 1914 da 1918 Faransa ta yi hasarar sojoji fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, da yawansu 'ya'yan manoma ne. Mai gonar turuf ba ya gaya wa kowa sirrinsa sai ɗansa, wani lokaci ma sai a gadon mutuwa, saboda haka ilmi mai yawa ya bi mazajen nan kabari. Har wa yau, itace yakan yi kamar shekara 30 yana ba da turuf sa'an nan ya gaji, kuma ba wanda ya dasa sababbi a madadin tsofaffin. Bayan 1945 matasa suka kwarara birane. Aka daina kiwon tumaki da saran itacen wuta a dazuzzuka, daji ya cushe, rana ta daina kaiwa ƙasa, turuf kuwa ba ya son inuwa mai duhu. A yau abin da Faransa ke samu bai wuce 'yan gomman tan ba a shekara.

Masana ne suka farfaɗo da sana'ar. A farkon shekarun 1970, masu bincike na cibiyar nazarin aikin gona ta Faransa, INRA, tare da takwarorinsu na Italiya, suka gano yadda za a sa irin turuf a saiwar dashe tun yana wurin reno. A shekarar 1977 aka tono na farko daga irin waɗannan itatuwa. Yanzu mafi yawan baƙin turuf na duniya daga gonaki yake fitowa. Ƙasar Sifen ta dasa da yawa a lardin Teruel, kewaye da garin Sarrión, inda ake yi wa itatuwan ban ruwa, har ta sha gaban Faransa. A Ostareliya an tono na farko a tsibirin Tasmaniya cikin 1999, kuma da yake hunturunsu daga Yuni ne zuwa Agusta, suna kai kaya kasuwa a lokacin da Turai ba ta da shi. Amma fa duk da haka manomi yakan jira shekara biyar zuwa goma kafin ya ga na farko, kuma a gona guda wani itacen ya bayar, na kusa da shi ya ƙi, ba tare da an san dalili ba.

Cinikin turuf shi ma yana da nasa hali. Babbar kasuwarsa a Faransa tana ƙauyen Richerenches, wanda mutanensa ba su kai dubu ba. An kafa ta a 1923, tana ci kowace Asabar da safe daga tsakiyar Nuwamba zuwa Maris. A titi guda ana sayar wa baƙi kaɗan-kaɗan. A ɗayan kuwa dillalai ne ke jere da motocinsu, kowa ya buɗe bayan motarsa ya ajiye ma'auni. Manomi ya zo da jakar tsumma, dillali ya sansana, ya auna, a yi magana ƙasa-ƙasa, a biya kuɗi hannu. Ba wanda ke son maƙwabcinsa ya san nawa ya samu, balle inda ya samo. A ranar Lahadi ta uku ta watan Janairu, tun 1952, mutanen ƙauyen kan yi addu'a ta musamman a cocinsu, inda ake zuba turuf a kwandon baiko maimakon kuɗi, daga baya a yi gwanjonsa. A garin Lalbenque kuwa ranar Talata ake ci. Masu kaya suna jera kwandunansu bisa benci, igiya na tsakaninsu da masu saye, ba a fara ciniki sai an ba da alama. Mai saye yakan rubuta tayinsa a guntuwar takarda ya miƙa. In mai kaya ya riƙe takardar, ya sallama ke nan.

Kasuwa irin wannan da amana take tafiya, kuma inda kuɗi ya yi yawa amana takan sha wuya. Akwai masu cusa laka ko tsakuwa a ramin da tsutsa ta yi, don kaya ya ƙara nauyi. Saboda gudun cinikin biri a sama, mai saye yakan ɗan yanki gefen turuf da wuƙa ya ga cikinsa, ko ya yi baƙi da fararen jijiyoyi kamar yadda nunanne ke yi. Daga tsakiyar shekarun 1990 wani iri daga lardunan Yunnan da Sichuan na ƙasar Sin ya shigo Turai. A ido kamar na Faransa yake, amma ƙamshinsa kaɗan ne, kuɗinsa ma haka, sai marasa gaskiya su gauraya su a jaka guda har ƙamshin wannan ya kama wancan. Man turuf da ake sayarwa a kantuna kuwa, yawancinsa bai taɓa haɗuwa da turuf ba, wani sinadari ne da ake haɗawa a masana'anta ake ɗiga wa man zaitun. Araha ba ta ado. Ga kuma ɓarayi da ke shiga gonaki da dare da karnukansu. A watan Disamba na 2010, a Grignan kusa da Richerenches, wani manomi ya harbe wani mutum da ya tarar a gonarsa da dare, a 2015 kotu ta ɗaure shi shekara takwas. A Italiya kuma kusan kowace shekara akan ji labarin karnukan da abokan hamayya suka sa wa guba a daji.

A can Italiya ne ake samun mai tsadar duka, watau farin turuf na yankin Piedmont, wanda garin Alba ya yi suna da shi. Wani mai masaukin baƙi, Giacomo Morra, shi ya tallata shi ga duniya: ya raya bikin baje kolinsa na garin daga 1929, daga baya ya riƙa aika wa manyan mutane irin su Winston Churchill da Harry Truman kyautarsa. Shi farin ya daɗe yana ƙin noma, sai a 2021 masu bincike na Faransa suka sanar cewa sun same shi a wata gona da aka dasa. Har yanzu kusan dukansa a daji ake nemansa, a Piedmont ma sau da yawa da dare, don kada wani ya ga wurin. A 2007 attajirin nan na Makau, Stanley Ho, ya sayi guda ɗaya mai nauyin kilo ɗaya da rabi a kan Dala 330,000 a wani gwanjon taimakon mabukata. A 2021 kuma hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a ta Italiya cikin al'adun da duniya ta gada.

Abin mamaki, girkinsa ba wuya. Giram goma ya ishi mutum guda. Baƙin yana son ɗumi kaɗan da maiƙo, don haka akan haɗa shi da man shanu, da ƙwai, da dankali, ko a cusa yankansa ƙarƙashin fatar kaza kafin a dafa. Matan karkara sukan rufe shi a kwalba tare da ɗanyen ƙwai kwana biyu ko uku, ƙamshin ya ratsa ɓawo, sai a ci ƙwan yau, turuf ɗin kuma gobe. A watan Fabrairu na 1975 shahararren kuku Paul Bocuse ya dafa wa Shugaba Giscard d'Estaing romon turuf a fadar Elysée, a kwano da aka rufe da gasasshen ƙullun fulawa, romon da har yau ake kira da sunan shugaban. Farin kuwa ba a dafa shi sam, wuta tana kashe ƙamshinsa. Ɗanye ake fere shi siriri-siriri bisa taliya ko soyayyen ƙwai, a gaban mai ci, a auna kafin a fara da bayan an gama, ya biya abin da ya ragu. Dukansu ba su ajiyuwa: daga ranar da aka tono suke rage nauyi da ƙamshi, bayan mako guda ko kwana goma sun tashi daga aiki.

Masu sauraro da ke zaune a Saudiyya sun san wani ɗan'uwan turuf, wanda Larabawa ke kira faga'a ko kam'a, mutanen Aljeriya da Maroko kuma tirfas. Shi a hamada yake fitowa, a saiwar wata 'yar ƙaramar ciyawa, in an sami ruwa mai kyau a watannin Oktoba da Nuwamba, sa'an nan a tono shi daga Janairu zuwa Afrilu. Ba a bukatar kare, domin in ya girma ƙasa takan ɗan kumbura ta tsage, mai ido ya gani. Larabawan ƙauye sukan ce tsawa ce ke haifar da shi. Farin da ake kira zubaidi ya fi daraja, kasuwar Hafar al-Batin kuwa ta yi suna da shi. Ƙamshinsa bai kai na Turai ba, kuɗinsa ma haka, shi ya sa ake cinsa da yawa kamar nama, a gasa a toka ko a dafa da shinkafa. Duk da haka ya isa ya ja talaka cikin haɗari. A Siriya, inda yaƙi ya talauta mutane, masu nemansa da yawa sun taka nakiyoyi, kuma a watan Fabrairu na 2023 an kashe fiye da mutum 50 a hari guda kusa da garin Sukhna.

Na hamada da na Turai duka ga ruwan sama suka dogara. Baƙin turuf yakan fara ƙulluwa wajen watan Mayu ko Yuni, ya yi dukan watannin zafi a cikin ƙasa yana jiran hadarin Agusta. In ruwan bai zo ba sai ya bushe tun yana ƙarami. Haka ya faru a shekarar zafin nan ta 2003, haka kuma a farin 2022, inda kaya ya yi ƙaranci, farashi ya hau. Masana sun yi gargaɗi cewa in zafi ya ci gaba da ƙaruwa a kudancin Turai, yankunan da suka yi suna da turuf na iya rasa shi kafin ƙarshen wannan ƙarni, har an fara gwada dashensa a arewa, an kuma same shi a yankin Wales na Birtaniya a 2017. Manoman Vaucluse da Teruel suna haƙa rijiyoyi, suna shimfiɗa bututun ban ruwa, amma a shekarar fari hukuma kan taƙaita ruwan da kowa zai ɗiba. Wanda ya dasa itace bana, ba zai san ko ya ci riba ba sai bayan shekara goma, kuma damina ce za ta ba shi amsa.