Wanda Ya Rushe Tarihi Zai Amsa Da Sunansa



Maganata a yau ta soma ne daga birnin Tambutu na ƙasar Mali, garin Shehu Ahmad Baba, wanda malamansa suka daɗe suna cuɗanya da Kano da Katsina. A watannin Yuni da Yuli na 2012, mayaƙan Ansar Dine da ke riƙe da garin suka sa diga, suka rushe hubbarori 9 na bayin Allah, suka kuma ɓalle ƙofar masallacin Sidi Yahya. Wanda ya jagoranci wannan ɓarna shi ne Ahmad al-Faƙi al-Mahdi.

A 2015 Jamhuriyar Nijar ta miƙa shi ga Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya da ke Hague. Ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara 9 a ranar 27 ga Satumba, 2016. A 2017 kuma aka ɗora masa diyyar Yuro miliyan 2.7. Dalili kuwa, Sashe na 8 na Yarjejeniyar Roma ya ce kai hari da gangan a kan wurin ibada, ko makaranta, ko ginin tarihi, a lokacin yaƙi, laifin yaƙi ne. Wanda ya aikata shi zai amsa da kansa, ba ya fakewa a bayan ƙungiya.

To, jama'a, mene ne ruwanmu? Nijeriya ta amince da wannan yarjejeniya tun 2001. A Disamba 2020 mai gabatar da ƙara, Fatou Bensouda, ta lasafta hare-haren Boko Haram a kan makarantu da wuraren ibada cikin laifuffukan da suka cancanci bincike. Mu kuma mutanen Gayam da sauran ƙasar Birnin Gwari mun ga yadda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, aka bar masallatai da makarantun allo da maƙabartun kakanni ga ciyawa.

Sai dai shari'a ba ta tafiya sai da shaida. Hotunan bidiyo na cikin abin da ya ɗaure al-Mahdi. Saboda haka ina kira gare mu, duk wanda ya je hutu gida ya zauna da dattawa, ya rubuta sunan kowane tsohon masallaci da ganuwa, ya ɗauki hotonsu. Abin da ba a rubuta ba, in ya salwanta, wa zai tsaya masa a gaban alƙali?

Allah Ya ba mu zaman lafiya.