Labarin Wata Biyu a Sama: Mu Bincika Kafin Mu Tura

  Yau za mu yi magana a kan saƙonnin nan da ake turawa daga hannu zuwa hannu, masu cewa wani abin mamaki zai faru a sararin sama. Za mu ɗauki misali biyu, mu ga yadda labari yake lalacewa a hanya.

Na farko ya fara ne da gaskiya. Ranar 27 ga Agusta, 2003, duniyar Mars ta matso kusa da tamu fiye da yadda ta yi cikin shekara kusan 60,000. Tazarar ta kai kilomita kimanin miliyan 56. Sai wani saƙon imel ya bazu yana kiran mutane su fita su duba. A cikinsa an ce idan aka kalli Mars da madubin hangen nesa mai ƙara girman abu sau 75, za ta yi girman cikakken wata yadda ido yake ganinsa. Wannan magana daidai ce.

Amma da aka yi ta turawa, batun madubin ya faɗi a hanya. Abin da ya rage shi ne, "Mars za ta yi girman wata." Saƙon kuma bai faɗi shekara ba, ya ce 27 ga Agusta kawai. Saboda haka ya riƙa dawowa kowace shekara. Wasu har suka haɗa masa hoton wata biyu a sama. A Agustan 2006 mutane sun fita dubawa, alhali Mars tana can ɗaya gefen rana, da ƙyar ma a gan ta.

Bari mu yi lissafin tare. Nisan wata daga gare mu kilomita kimanin 384,000 ne. Ko a ranar da Mars ta fi kusa, nisanta ya ninka na wata wajen sau 145. Faɗinta kuwa ninki biyu ne kawai na faɗin wata. In mun raba 145 gida biyu, za mu ga wata ya fi ta girma a idonmu sama da sau 70. Abin da aka gani a 2003 ɗigo ne mai haske, ja-ja, kamar babban tauraro. Masana sun lissafa cewa sai shekarar 2287 Mars za ta matso kusa fiye da haka, kuma ko a lokacin ɗigo za a gani.

Wani zai ce, to mene ne illar? An fita waje, ba a ga kome ba, an koma barci. Ga misali na biyu. Ranar 12 ga Janairu, 2010, girgizar ƙasa ta rushe Haiti, duniya duka ta ga hotunan. Kwana biyar bayan haka, saƙon waya ya bazu a Ghana. Ya ce da tsakar dare wani haske mai lahani zai iso daga Mars, kowa ya kashe wayarsa. An jingina shi ga BBC da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Kafin labarin ya gama zagawa, ya rikiɗe ya zama za a yi girgizar ƙasa. A Accra da wasu garuruwa, mutane suka kwashi yara da tsofaffi suka kwana a fili. Sai da hukumomi suka fito ta rediyo suna kwantar da hankalin jama'a. Babu girgizar da aka yi, kuma Mars ba ta aiko mana da wani haske mai cutarwa.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Yawancinmu mutane ne da ake jin maganarsu a unguwa. Wanda ya karɓi saƙo daga hannunmu bai san wanda ya fara rubuta shi ba, sunanmu yake gani a kai. In mun tayar da su da dare sau biyu a banza, ranar da za mu zo da gargaɗin ambaliya ko ɓullar kwalara za su ce, "Ai sun saba." A ranar nan, rashin yarda zai iya cin rai.

Don haka, kafin mu tura kowane saƙo, mu yi wa kanmu tambayoyi huɗu:

1. Akwai rana da wata da shekara a jiki? Saƙon da ya ce "daren yau" kawai yana iya yin shekara goma yana yawo.
2. Wa ya faɗa? Kowa zai iya rubuta NASA ko BBC a ƙarshen saƙo. In da gaske ne, za mu ji a labaran rediyo.
3. Abin ya yi daidai da hankali? Masana suna lissafa husufi da matsowar taurari shekaru kafin su faru. Girgizar ƙasa kuwa babu masanin da zai iya faɗin ranarta da sa'arta.
4. Yana matsa mana mu tura wa kowa yanzu-yanzu? Wannan gaggawar ita kanta alamar shakka ce.

In mun gano ƙarya ce, kada mu kunyata wanda ya turo a gaban mutane. Galibi kulawa ce ta sa shi. Mu same shi shi kaɗai, mu nuna masa dalili, mu roƙe shi ya sanar da waɗanda ya tura wa.

Kusan kowane wata 26 Mars tana matsowa kusa, ta yi haske sosai. Idan lokacin ya zo, mu fita da yaranmu mu nuna musu ɗigon nan ja, mu gaya musu ainihin nisansa. Gani ya kori ji.